Wace ce Sheila Terry, kuma me ya hana ta yin suna?

Tambaya: Malam, na ci karo da wani tsohon fim ɗin kaboyi mara kala a YouTube mai suna The Lawless Frontier, na John Wayne tun yana saurayi. Akwai wata mace a ciki da aka rubuta sunanta Sheila Terry. Na ga ta iya wasa, amma ban taɓa jin labarinta ba. Wace ce ita, kuma me ya sa shi ya zama gagarabadau, ita kuma ta ɓace?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin na shafe shekaru ina bibiyar waɗannan tsofaffin fina-finai, kuma da wuya ka ji wani ya tsaya ya karanta sunan macen da ke ciki, balle ya nemi sanin yadda ta ƙare. Ko a zamanin da ake cika gidajen silima na Kano da Zariya da Jos domin kallon kaboyi, jarumi ake sani, sai bos, sai doki. Macen kuwa "yarinyar fim" kawai ake ce mata. Kai da ka tambayi sunanta, bari in ba ka labarin daki-daki.

An haifi Sheila Terry ranar 5 ga Maris, 1910, a Warroad, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Minnesota, dab da iyakar Amurka da Kanada. Sheila Terry sunan sana'a ne, kamar yadda yawancin 'yan wasan lokacin suke ɗaukar sabon suna in za su shiga harkar. Da wasan daɓe ta fara, har ta kai New York, daga can kamfanin Warner Bros. ya ɗauke ta zuwa Hollywood, kuma a 1932 fuskarta ta fara fitowa a majigi. Ta rasu a watan Janairun 1957 tana da shekara 46. Tsakanin fim ɗinta na farko da na ƙarshe shekara shida ne kacal, 1932 zuwa 1938.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne wannan: fim ɗin da ka kalla na 1934 ne, kuma a lokacin Sheila ta riga ta ɗanɗana babban kamfani ta fito. Mai kallo a yau yakan ɗauka yarinya ce sabuwar shiga da ke neman hanya. A gaskiya gangarowa take yi.

Dubi inda ta faro. A 1932 da 1933 Warner ya jefa ta cikin fina-finai bila adadin, wasu da ƙaramin matsayi, wasu da ɗan dama-dama. Tana cikin Three on a Match tare da Joan Blondell da Bette Davis da Humphrey Bogart, wanda shi ma a lokacin ƙaramin ɗan wasa ne. Tana cikin 20,000 Years in Sing Sing tare da Spencer Tracy. An ba da aronta ga kamfanin Paramount, ta fito a Madame Butterfly a matsayin matar Cary Grant Ba'amurkiya. A The Silk Express na 1933 ita ce ma jarumar fim ɗin sukutum. Duk wanda ya ga wannan jeri zai ce ai ta kama hanya. To amma yadda kwantiragin zamanin yake shi ne, kamfani zai ɗaure ɗan wasa na shekara bakwai, sai dai duk bayan wata shida kamfanin yana da ikon sabuntawa ko ya sallame shi, shi kuwa ɗan wasan ba shi da ikon tafiya don kansa. Manyan kamfanoni sukan kwaso 'yan mata da yawa a lokaci guda, a gwada su a ƙananan matsayi, a ga wacce za ta ja hankalin masu sayen tikiti. Wacce ta ja, a riƙe ta a gina ta. Sauran a sallame su, a kwaso wasu. A gidan Warner na lokacin akwai Blondell, akwai Davis, akwai Kay Francis, akwai Barbara Stanwyck tana shiga tana fita. Gurbin da ya rage wa sabuwar fuska ɗan kaɗan ne.

A wannan zama nata na Warner ne ta fara haɗuwa da John Wayne, a fim ɗin Haunted Gold na 1932. Labarin yadda aka yi fim ɗin kaɗai ya isa ya nuna maka matsayin mace a wannan kasuwa. Warner yana da tarin tsofaffin fina-finan kaboyi marasa magana na wani jarumi mai suna Ken Maynard, gwanin sukuwa, mai farin doki. Maimakon a kashe kuɗi a sake ɗaukar sukuwa da faɗa, sai furodusa Leon Schlesinger ya ce a yanko waɗancan wurare daga tsofaffin, a nemo saurayi mai irin jikin Maynard, a sa masa irin kayansa, a ɗora shi kan farin doki, a ɗauki wuraren magana kawai a haɗa. Saurayin shi ne Wayne, kuma fina-finai shida aka yi da shi a wannan tsari tsakanin 1932 da 1933. Dokin ana ce masa Duke, kuma sunansa na nan manne da na jarumi a jikin fasta. Sheila Terry, wadda ta fito a matsayin Janet Carter 'yar mutumin da ya taɓa mallakar rabin wata tsohuwar mahaƙar zinariya, sunanta a ƙasa yake. Dole a sami farin doki don ya dace da tsohon hoto, dole a sami namiji mai wannan tsawo. Mace kuwa, kowacce ke kusa ta wadatar.

Shi kansa Wayne a lokacin ba kowa ba ne. A 1930 darakta Raoul Walsh ya ba shi jagorancin The Big Trail, ƙaton fim da ya ci sama da dala miliyan 1, amma bai mayar da kuɗinsa ba. Faɗuwar wannan fim ta jefa Wayne cikin ƙananan fina-finan kaboyi na kusan shekara tara, sai a 1939 darakta John Ford ya tsamo shi da fim ɗin Stagecoach. Wato a 1934 shi da Sheila duk a rami ɗaya suke. Abin tambaya shi ne me ya sa ramin ya zame masa makaranta, ita kuma ya haɗiye ta.

Kafin in amsa, sai ka san kasuwar da ta haifi irin fim ɗin da ka kalla. Bayan karayar tattalin arzikin 1929, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi. Masu shiga silima suka ragu, manyan kamfanonin Paramount da RKO suka faɗa hannun masu bin bashi, kuma a watan Maris na 1933 kamfanoni suka zaftare rabin albashin yawancin ma'aikatansu na tsawon mako takwas. Masu gidajen silima suka ɓullo da dabarar nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya domin jawo mutane. Fim na farko shi ne babba, mai taurari. Na biyun ciko ne, kuma ba a raba kuɗin ƙofa da mai shi, kuɗin haya ƙayyadadde ake biyansa. Ma'anar wannan ita ce mai ƙaramin fim ya san iyakar abin da zai samu tun kafin ya kunna kyamara. Ko fim ya yi kyau ko bai yi ba, kuɗin da zai shigo kusan ɗaya ne. Ribarsa tana cikin abin da ya hana kansa kashewa.

Ƙananan kamfanonin da ke wannan sana'a sun taru ne a kewayen titin Gower a Hollywood, kuma saboda tsiyarsu aka yi wa rukuninsu laƙabi da Layin Talauci. A mahaɗar Gower da titin Sunset kaboyi na gaske, waɗanda aikin kiwo ya ƙare musu, sukan tsaya da hulunansu da takalmansu suna jiran a kira su aikin yini. Ɗaya daga cikin kamfanonin shi ne Monogram, kuma a ƙarƙashinsa furodusa Paul Malvern ya buɗe Lone Star, wanda ya yi fina-finai 16 da John Wayne daga 1933 zuwa 1935. Naka yana cikinsu. Kowanne bai kai awa guda ba, ana ɗaukarsa cikin kamar mako ɗaya, kuɗinsa wajen dala 10,000 ko sama da haka kaɗan, kuma daga ciki dala 2,500 na Wayne ne. Cire wannan, ka cire kuɗin fim ɗin ɗauka da wankinsa, da hayar dawaki, da motocin kai mutane daji, da darakta da mai kyamara, ka ga abin da zai rage wa macen da aka kira aikin 'yan kwanaki.

Ɗaukar ma ta gaggawa ce. Tun asuba ake fita domin a ci moriyar hasken rana, tunda fitilu kuɗi ne. In ɗan wasa ya yi tuntuɓe a magana amma ma'ana ta fita, an wuce wurin, ba a maimaitawa. Babu kiɗa a ƙarƙashin wasan, sai ƙarar kofato da bindiga. In kwafin da ka kalla yana da wani kiɗan na'ura mai kama da na fiyano, daga baya can aka liƙa shi, lokacin da aka sake sayar da fina-finan ga talabijin da kaset. Na faɗi wannan ne don kada ka ɗora wa mutanen 1934 laifin da ba nasu ba.

Yanzu ga amsar tambayarka. Ka jera fina-finan Lone Star 16 ɗin nan, ka dubi sunayen da ke jikinsu. Wayne yana cikin dukkansu. Robert N. Bradbury ne ya ba da umarnin mafi yawansu. Archie Stout ne ke riƙe da kyamara kusan ko yaushe. George Hayes, tsohon nan da ka gani ana kira Dusty, yana cikin mafi yawansu, yau uban yarinya, gobe bos. Yakima Canutt, zakaran wasan dawaki, shi ke faɗowa daga doki a madadin Wayne, kuma sau da yawa shi ne ɗan daban da Wayne ke kora. Earl Dwire, wanda ya fito a mugun nan Zanti, shi ma ɗan gida ne. Maza suna nan daram daga fim zuwa fim. Jarumai mata kuwa 12 aka yi amfani da su a cikin fina-finai 16, kuma babu wadda ta wuce fitowa biyu. Takwas sau ɗaya tak suka fito. Huɗu suka samu biyu: Verna Hillie, Lucile Browne, Marion Burns, da Sheila Terry, wadda bayan The Lawless Frontier ta fito a 'Neath the Arizona Skies duk a ƙarshen 1934.

Ka ga abin da wannan ke nufi ga sana'ar mutum. Wayne ya samu shekara biyu yana aiki da mutane iri ɗaya, yana koyon tafiya da magana da hawan doki daga Canutt, har su biyun suka gyara yadda ake naushi a fim, a wurga hannu ya wuce gefen fuska, kyamara ta ɗauka daga kusurwar da za a ga kamar ya sauka. Yara a ƙauyukan kudanci da yammacin Amurka suna ganinsa kusan kowane wata, suna sabawa da shi. Masu silima da sunansa suke sayen fina-finan a dunƙule tun kafin a yi su. Daga cikin wannan ayari Stout ya ci kyautar Oscar ta ɗaukar hoto da The Quiet Man, Canutt ya tsara tseren keken dawakin Ben-Hur na 1959 kuma aka ba shi Oscar ta girmamawa, Hayes ya zama fitaccen abokin jarumai da ake kira Gabby, Wayne kuma ka san inda ya kai. Macen da ta zo ta yi kwana uku ko huɗu ta tafi ba ta da lokacin da za ta koyi wani abu, ba ta da lokacin da masu kallo za su saba da ita, kuma babu wanda ya sayi fim ɗin don ita. Sauya mata ma yana cikin dabarar kasuwa: sabuwar fuska takan sa labarin da aka maimaita sau goma ya yi kamar sabo, kuma wadda ba ta daɗe ba ba za ta nemi ƙarin kuɗi ba.

Sai kuma abin da ake rubuta musu. Masu kallon waɗannan fina-finai galibi yara maza ne da ke cika silima ranar Asabar da rana, da manoma da leburori. Sukuwa suka biya su gani, da harbi, da dambe a kan dutse. Soyayya in ta yi tsawo sai ihu ya tashi. Don haka aikin mace a labarin guda uku ne: ta zama 'yar wani tsoho ko ƙanwar wani da za a zalunta, ta mallaki gona ko mahaƙa da bos ke kwaɗayi, a sace ta a ceto ta. Tuna abin da ka gani a fim ɗinka. Ruby, wato Sheila, ta ji shirin Zanti na kashe tsohon da take hannunsa ya tafi da ita. Dabarar tserewa ita ce a cusa ta cikin buhu a ɗora a bayan dabba kamar kaya. Wajen ƙetare kogi buhun ya faɗa ruwa, Wayne ya yi tsalle ya tsamo shi. Duk lokacin da na kalli wannan wuri sai jikina ya yi sanyi, domin matar da shekara biyu kafin nan take tsaye gaban Cary Grant tana magana, yau ga matsayinta a cikin buhu. Wace baiwa mutum zai nuna daga cikin buhu?

Duk da haka ka ce ka ga ta iya wasa, kuma idonka bai yaudare ka ba. Abin da ka lura da shi horon daɓe ne. Muryarta tana fita tar, ba ta cin kalmomi, kuma in wani na magana fuskarta tana sauraro, ba jiran layinta kawai take ba. A 1934 ta fi Wayne iya furta magana nesa ba kusa ba. Shi har lokacin yana ɗan daburcewa in zance ya yi tsawo. Sai dai akwai abin da na yi imani ya cuce ta: kamanninta da muryarta na 'yar birni ne. Tufafinta da gyaran gashinta na 1934 ne, ba na zamanin kaboyi ba, domin a irin waɗannan kamfanoni ba a ɓata kuɗi wajen ɗinka wa mace kayan tarihi. Ta fi dacewa da ofis ko kotu ko otal, irin matsayin da Warner ke ba ta. A daji ta zama baƙuwa, a birni kuma an riga an cike gurbinta.

Akwai wani tabo kuma da ke bin duk wanda ya taka Layin Talauci. Manyan kamfanoni suna kallon mai aiki a can a matsayin wanda farashinsa ya faɗi. In ka karɓi aikin mako ɗaya don ka biya kuɗin haya, da babu gara ba daɗi, to ka sanar da kowa nawa ake sayenka, kuma mai kira na gaba ba zai ba ka fiye da haka ba. Ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka an kafa ta a 1933, amma sai a 1937 kamfanoni suka amince da ita suka sa hannu kan mafi ƙarancin ladan dala 25 a yini.  Shekarun Sheila na ganiya duk sun faɗo ne kafin wannan kariya.

Za ka iya cewa ai akwai matan da suka bi ta fim ɗin kaboyi suka yi suna. Akwai, amma dubi ta wace fuska suka shigo. Rita Hayworth ta yi irin waɗannan fina-finai a 1936 da 1937 da sunan Rita Cansino, tana 'yar shekara 18, kafin Columbia ya sauya mata suna da kamanni. Jennifer Jones ta fito da Wayne a New Frontier na 1939 da sunanta na asali, Phylis Isley, sannan babban furodusa David O. Selznick ya ɗauke ta, ya sake mata suna, ta ci Oscar bayan 'yan shekaru. Cecilia Parker, wadda ta buɗe jerin Lone Star a 1933, ta samu mazauni a kamfanin MGM a matsayin yayar jarumin jerin fina-finan Andy Hardy. Dukkansu suna hawa ne suka ratsa ta wurin, kuma kowacce ta samu babban kamfani da ya zuba kuɗi a kanta, biyu daga ciki har da binne tsohon suna. Masu gangarowa kuwa labarinsu daban. Virginia Brown Faire da Alberta Vaughn sanannu ne a zamanin fim mara magana, suka zo Lone Star a ƙarshen tafiyarsu. Louise Brooks, wadda ta yi tashe har a Jamus, fim ɗinta na ƙarshe a duniya ƙaramin kaboyi ne da Wayne a 1938. Sheila tana cikin wannan sahu na biyu, ga shi kuma ba ta taɓa kaiwa ƙololuwar da su suka kai ba, ko sunan da za ta ci gajiyarsa ba ta tara ba.

Kada ka ɗauka haka abin yake tun fil azal. Kafin fim ya fara magana mata sun jagoranci fina-finan kasada da kansu. Jerin The Hazards of Helen ya kai kashi 119 daga 1914 zuwa 1917, inda Helen Holmes, daga baya Helen Gibson, suke tsalle daga doki zuwa jirgin ƙasa, su ne kuma masu ceton wasu. Da harkar ta koma hannun masu lissafi, aka tsayar da tsari ɗaya na jarumi da dokinsa da abokinsa mai ban dariya, sai aka mayar da mace gefe. An ɗan gwada dawo da ita a ƙarshen shekarun 1930 da Dorothy Page, aka yi fina-finai uku aka tsaya. Wadda ta samu dawwama a wannan fage ita ce Dale Evans daga 1944, ita ma don an haɗa ta da jarumin kaboyi Roy Rogers ne fim bayan fim, har suka yi aure a 1947. Wato abin da aka hana su Sheila, maimaita fitowa da jarumi ɗaya har a saba, shi ne ya gina Dale Evans.

Bayan 1934, wadda a cikinta ta kuma fito da Buck Jones a Rocky Rhodes, Sheila ta ci gaba da samun aiki jefi-jefi, mafi yawa a ƙananan kamfanoni, fina-finan bincike da na 'yan sanda. A 1935 Herbert Yates, mai kamfanin wankin fim da ƙananan kamfanoni da dama ke da bashinsa a wuyansu, ya haɗe Monogram da Mascot da wasu ya kafa kamfanin Republic. Wayne ya bi su can da kwantiraginsa. Matan Lone Star ba su da kwantiragin da zai bi su. A 1938 Sheila ta yi fim ɗinta na ƙarshe tana da shekara 28. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba.

Ta koma New York ta kama aikin tallata mutane da harkoki a jaridu, kuma ta yi shekaru tana wannan sana'a. Ɗakin da take kwana nan ne ofishinta. A watan Janairun 1957 aka tsinci gawarta a ɗakin, bayan an yi ta kiran wayarta ba a samu ba. Rahotannin lokacin sun nuna magani ta sha fiye da ƙima, aka ɗauka ita ta kashe kanta. Ba ta bar dukiya ba. Aka binne ta a maƙabartar marasa galihu ta birnin, a tsibirin Hart, inda ake jera akwatuna cikin dogayen ramuka ba tare da dutsen suna a kan kowane kabari ba, kuma inda aka binne mutane sama da miliyan 1. A shekarar da ta gabaci rasuwarta, 1956, Wayne ya fito a The Searchers, yana cikin manyan masu jawo kuɗi a Hollywood.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a daidai waɗannan shekaru tashoshin talabijin na Amurka suna cike lokacinsu da tsofaffin fina-finan kaboyi, domin suna da arha. Fuskokin matan nan suna shiga gidajen miliyoyin mutane, su kuwa ko sisi ba ya zuwa hannunsu, tunda ladan yini aka biya su aka sallame su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1960, bayan yajin aikin da ƙungiyar 'yan wasa ta yi a ƙarƙashin shugabancin Ronald Reagan, aka amince a riƙa biyan 'yan wasa wani kaso in an nuna fim a talabijin, kuma yarjejeniyar ba ta waiwayi fina-finan shekarun 1930 ba. Ko da Sheila ta rayu ta ga ranar, babu abin da za ta samu.

Yadda kai ka same ta a YouTube ma yana da dalili. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka a lokacin tana kare aiki na shekara 28, sai mai shi ya sabunta. Fina-finan Lone Star babu wanda ya damu ya sabunta su, suka zama na kowa, shi ya sa suke ko'ina kyauta. Ayyukanta na Warner suna kulle a hannun masu su, sai wanda ya nema da gangan. Ɗaya daga cikinsu ma, Convention City na 1933, ya ɓace ƙurmus, babu kwafinsa da aka sani a duniya. Saboda haka yawancin masu ganinta a yau suna ganinta ne a mafi ƙanƙantar aikin da ta yi.

Labarin nan ba na Amurka kaɗai ba ne, akwai makamancinsa a maƙwabta. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi ɗan gajeren fim ɗin kaboyi, Le Retour d'un aventurier, kan wani saurayi da ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da huluna da bindigogi ya raba wa abokansa. Mace ɗaya a cikin ayarin ita ce Zalika Souley, 'yar Yamai, wadda ta zama ɗaya daga cikin 'yan wasan fim mata na farko a wannan yanki namu. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar ta shiga ƙunci, har ta kai ga yin aikatau a Amurka. Ita ta yi sa'a ɗaya da Sheila ba ta samu ba: mai shirya fim Rahmatou Keïta ta zaunar da ita ta ɗauki labarinta daga bakinta tun tana raye. Zalika ta rasu a 2021.

In kana so ka auna Sheila Terry da adalci, kada ka tsaya a fim ɗin da ka gani. Nemi 'Neath the Arizona Skies, inda ta fito a Clara Moore, matar da ta tsinci Wayne a sume sanye da kayan ɗan fashi, sai ta gane kayan na ɗan'uwanta ne; a nan an ba ta ɗan abin da za ta riƙe, kana ganin tsoro da kunya suna kokawa a fuskarta. Sannan ka nemi The Sphinx na 1933, fim ɗin kisan kai da ta yi wa Monogram tare da Lionel Atwill, inda ta fito a 'yar jarida. Shi ma yana yawo kyauta a intanet. In kuma ka samu The Silk Express, to a nan ne za ka ga matar da Warner ya hango a New York har ya kawo ta Kalifoniya.